Injuna, Lantarki ko Mekatironik: Famfon Ruwa Ɗaya Ya Isa Ya Raba Gardama

Ɗalibin da ya fito daga sakandare da sakamako mai kyau a lissafi da fizis, kuma ransa ya kwanta da aikin injiniya, yakan tsaya cak tsakanin kwasa-kwasai uku: injiniyancin injuna, wanda ɗalibai suka fi sani da mekanikal, da injiniyancin lantarki, da mekatironik, wanda ya haɗa injuna da lantarki da sarrafawa ta kwamfuta. Takardun da jami'o'i ke bugawa ba sa raba masa gardama, domin kowane sashe cewa yake shi ne ƙashin bayan masana'antu. Shekarar farko ma kusan darussa iri ɗaya ake yi: kalkulas, fizis, kemistiri, zanen injiniya da ɗan rubuta manhajar kwamfuta. Sai an shiga shekara ta biyu hanyoyin ke rabuwa, kuma a lokacin sauya sheƙa kan ci wa mutum shekara guda.

Hanya mafi gaskiya ta ganin bambancin ita ce a ajiye na'ura ɗaya a gaban mutanen uku, a ga abin da kowa zai fara tambaya. Mu ɗauki famfon ruwa da moton lantarki ke juyawa. Ana so ya tura lita 10 a kowane sakan, wato lita 36,000 a awa, da turin da ya kai mita 30 in an haɗa tsayin tanki da abin da gogayyar bututu ke ci.

Abin da injiniyan injuna yake gani

Da ƙarfin da ake buƙata yake farawa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka kilo 10 a sakan, a ninka da 9.81 na jan ƙasa, a ninka da mita 30, an sami wat 2,943. Wannan shi ne abin da ruwan kansa zai karɓa. Famfo mai wannan girman yakan miƙa wa ruwa kamar kashi 70 cikin 100 na ƙarfin da aka ba shi, saboda haka shaf ɗinsa, wato sandar ƙarfen da moto ke juyawa, na buƙatar kilowat 4.2. Motocin lantarki da masana'antu ke ƙerawa suna da matakai sanannu: bayan mai kilowat 4 sai mai 5.5. Mai 4 ya yi kaɗan, don haka mai 5.5 za a ɗauka.

Wannan lissafin ɗan shekarar farko ma zai iya yi. Gwaninta tana farawa ne daga bututu. Lita 10 a sakan cikin bututu mai faɗin milimita 80 tana gudun mita 2 a sakan, wanda ya yi daidai. In aka ce a rage kuɗi a sa mai milimita 50, gudun ya haura mita 5 a sakan, asarar gogayya kuma ta ninka kusan sau goma. Famfon da aka saya domin mita 30 sai ya kasa kai ruwan da aka yi alkawari, a yi ta zargin famfo alhali laifin na bututu ne.

Ɓangaren tsotso ya fi haɗari. Famfo ba ya jan ruwa da kansa. Rage matsi yake yi a bakinsa, iskar sararin sama ta turo ruwan sama. Iyakar abin da iskar za ta iya turawa a gaɓar teku kusan mita 10.3 ne a lissafi, a aikace kuwa da wuya a wuce 6 zuwa 7, kuma adadin yana raguwa in ruwan da ɗumi ko wurin yana kan tudu. In matsin ya faɗi da yawa, ruwan sai ya tafasa ba tare da ya yi zafi ba, ƙananan kumfan tururi su fito, su shiga cikin farfela inda matsi ya ƙaru, su fashe a jikin ƙarfen. Ana jin famfon yana ƙara kamar tsakuwa yake niƙawa, in an buɗe shi bayan watanni a tarar da farfelar ta yi ramuka. Maganin ba sabon famfo ba ne: a sauko da shi kusa da ruwa, a faɗaɗa bututun tsotso, a rage lanƙwasa, a wanke rariyar bakinsa. Haka nan in aka rufe bawul farat ɗaya alhali ruwa na gudun mita 2 a sakan cikin bututun ƙarfe, matsin da zai taso na ɗan lokaci zai iya kai kwatankwacin mita 240 na ruwa, ninki takwas na abin da aka tsara. Mahaɗan bututu da yawa da suka tsage ba tsufa ya tsaga su ba, wannan bugun ne.

Sai shaf. Moto mai kilowat 5.5 da ke juyi 2,900 a minti yana ba da ƙarfin murɗa kusan nuton-mita 18. A kan shaf mai kaurin milimita 25 takurar da wannan ke yi wa ƙarfen ba ta kai megafaskal 6 ba, alhali ƙarfen gama-gari sai ya kai wajen 250 yake fara lanƙwashewa. Ɗalibi zai ce to a sirantar da shaf ɗin mana. Injiniya ya san ba murɗa ce ke yanke kaurinsa ba: lanƙwasar da nauyin farfela da turin ruwa ke jawowa ce, da girgiza, da kuma gajiyar ƙarfe. Shaf mai juyi 2,900 a minti yana lanƙwashewa gaba da baya fiye da sau miliyan 4 a yini ɗaya. Ƙarfen da ake yi wa haka yana iya karyewa da nauyin da bai kai rabin ƙarfinsa ba, kuma tsagewar takan fara ne daga kusurwa mai kaifi, ko ramin makullin shaf, ko wani ɗan ƙarzanen da aka bari wajen sassaƙa. An koyi wannan darasi da rayukan mutane. Karyewar sandar da ke riƙe ƙafafun jirgin ƙasa ce ta jawo wani hatsari kusa da Basai (Versailles) a Faransa a 1842, abin da ya biyo baya kuma shi ne gwaje-gwajen August Wöhler a Jamus kan irin waɗannan sandunan. A 1954 jiragen sama biyu samfurin Comet suka tarwatse a sama saboda gajiyar ƙarfen jikinsu. Shi ya sa a zanen shaf za ka ga an rubuta girman 'yar lanƙwasar da za a bari a kowace kafaɗa. Ba ado ba ne.

Boris, wato zoben da shaf ke juyawa a cikinsa, shi ne abin da ya fi yawan mutuwa a irin wannan na'ura. Ga boris mai ƙwallo, in nauyin da ke kansa ya ninka biyu, tsawon ransa yana komawa kashi ɗaya cikin takwas. Boris mai lamba 6205 raminsa milimita 25 ne, kuma a irin zaman da aka saba ba shi, shaf ɗin dole ya fi 25 kauri da abin da ke tsakanin 0.002 da 0.015 na milimita. In ya gaza haka zoben ciki ya riƙa zamewa yana cin shaf. In ya wuce, ƙwallayen su matse su yi zafi. Ba a buga shi da guduma; ɗumama shi ake yi zuwa kamar digiri 110 ya buɗe ya shige. Giris in ya yi yawa shi ma zafi yake kawowa. Shaf ɗin moto da na famfo kuwa ana so su daidaita cikin kamar 0.05 na milimita a wannan gudun, ana auna su da agogon awo ko leza, ana cusa siraran faranti ƙarƙashin ƙafafun moto. Wanda bai jin daɗin irin wannan ƙididdiga ta 'yan mitsi-mitsin lambobi zai sha wahala a zanen injuna, domin rabin aikin ke nan.

Famfon bai nuna ɗaya rabin fannin ba, wato zafi. Injin mota, tukunyar tururi, injin jirgin sama, firji da na'urar sanyaya ɗaki duk a hannun injiniyan injuna suke. A nan ake karanta dokar da ta samo asali daga aikin Sadi Carnot na 1824, wadda ta nuna cewa duk injin da ke mai da zafi aiki yana da iyakar da ba zai ƙetare ba. Tashar wuta mai tururin digiri 540 da ruwan sanyaya mai digiri 30 ba za ta taɓa wuce kusan kashi 63 cikin 100 ba ko da babu asara ko ɗaya, na gaskiya kuwa sukan tsaya tsakanin 35 da 45. Wannan ɓangare yana da nauyin amana. Fashewar tukunyar tururi a wata masana'antar takalma a Brockton ta Amurka a 1905 ta kashe mutum 58, kuma tana cikin abubuwan da suka kai ga kundin ƙa'idojin tukwanen tururi na ASME, ƙungiyar injiniyoyin injuna ta Amurka, wanda bugunsa na farko ke ɗauke da shekarar 1914. Har gobe da irinsa ake lissafa kaurin bangon tankin gas da ingancin waldarsa. Wannan faɗin, daga ruwa zuwa ƙarfe zuwa zafi zuwa yadda ake ƙera abu, shi ne babban jarin kwas ɗin, kuma shi ne dalilin da ya sa ɗalibansa ke kukan yawan darussa.

Abin da injiniyan lantarki yake gani

Shi daga farantin da ke manne a jikin moto yake farawa. Kilowat 5.5 a kan layi uku mai bolt 400 zai ja kusan amfiya 11 in yana cikakken aiki. Amma a sakannin farko na tashi, in aka haɗa shi kai tsaye, yakan ja ninki 6 zuwa 8 na wannan, wato amfiya 65 zuwa 90. Duk zaɓin da zai yi daga nan yake fitowa. Bireka dole ta jure wannan fizgar ba ta yanke ba, amma ta yanke nan take in wayoyi sun haɗu. Na'urar kare moto daga wuce kima dole a saita ta a kan amfiyar da ke jikin faranti, ba sama da ita ba don wai tana yawan yankewa. In janareta ne ke ba da wutar, dole ya fi moton girma sosai, in ba haka ba wutar ta faɗi lokacin tashi. Haɗin sita-delta, wata hanyar haɗa wayoyin moto don ya tashi a hankali, yana rage fizgar zuwa kashi ɗaya cikin uku, amma yana rage ƙarfin murɗar tashi zuwa daidai wannan kason, don haka ba kowane kaya yake iya tayarwa ba.

Kaurin waya ma ba amfiya kaɗai ke yanke shi ba. In famfon yana nesa da allon rarraba wuta da mita ɗaruruwa, ƙarfin wutar zai zube a hanya, moton ya ja amfiya fiye da kima don ya cike giɓi, ya yi zafi. Zafi kuwa shi ne ajalin moto. Rufin wayoyin naɗi na ajin F an yi shi ne don ya jure digiri 155, kuma ƙa'idar da ma'aikata ke riƙe da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ran rufin biyu. In ɗaya daga layuka ukun ya yanke moto na cikin gudu, ba tsayawa yake yi ba. Ci gaba yake yi a kan biyu yana gurnani har naɗin ya ƙone. Kafin a kunna moton da ya daɗe a ajiye ana auna rufinsa da mita mai tura bolt 500, a tabbatar bai gaza megom ɗaya ba. Sannan ga kare rai: wayar ƙasa mai kyau, da na'urar da ke yanke wuta in amfiya 0.03 kacal ta yoyo, domin abin da ya ɗan haura haka yana iya rikita bugun zuciya.

Ga wani wurin da fannonin biyu ke haɗuwa. Gudun moto daga bugun wutar yake zuwa: mai ƙusurwar maganaɗisu biyu a wuta mai bugu 50 a sakan yana kusa da juyi 3,000 a minti, a mai bugu 60 kuwa kusa da 3,600. Famfon da aka yi domin 50 in aka kai shi ƙasar da ke amfani da 60, gudunsa zai ƙaru da kashi 20 cikin 100, amma ƙarfin da yake nema zai ƙaru da kusan kashi 73. Moton ya ƙone, na lantarki ya ce famfo ne, na injuna ya ce wuta ce, kuma kowannensu yana da rabin gaskiya.

Babban abin da ya kamata mai zaɓi ya lura da shi a nan shi ne cewa duk abin da aka lissafa a sama ba a ganinsa da ido. Shaf in ya lanƙwashe ana gani, boris in ya lalace ana jin ƙararsa a taɓa zafinsa. Lantarki sai ta mita da lissafi. Wutar da ke kai da komo ana lissafa ta da lambobi masu ɗauke da wata lamba wadda in an ninka ta da kanta take ba da −1, kuma daga shekara ta biyu wannan ya zama abin yau da kullum. Ana karanta lissafin Maxwell na maganaɗisu da lantarki, da hanyoyin Fourier da Laplace na warware sigina. Mai injuna ma yana taɓa Laplace a darasin girgiza da sarrafawa, amma kusan kullum yana da hoton abin a ransa. Mai lantarki dole ya saba da yarda da lissafi ko da babu hoton. A ganinmu wannan shi ne ma'auni mafi ƙarfi tsakanin kwasa-kwasan biyu, ya fi batun albashi ko suna, domin shi ne ke yanke wanda zai ji daɗin karatun da wanda zai yi ta haddar abin da bai shige shi ba.

Kwas ɗin lantarki shi ma gida biyu ne: manyan wuta, wato janareta, tiransifoma, layukan dako da kariyarsu; da ƙananan wuta, wato ilektironik, sadarwa da sarrafa sigina. Wasu jami'o'in suna haɗa su a digiri ɗaya, wasu suna raba su, don haka a duba.

Abin da ɗan mekatironik yake gani

Tambayarsa ita ce: wa zai gaya wa famfon yaushe zai tashi, da wane gudu, kuma yaushe zai tsaya? Zai ɗaura sensar matsi a bututun fita, mai auna 0 zuwa 10 a ma'aunin matsi da ake kira ba (bar), tana aika sigina tsakanin miliamfiya 4 da 20. Matsin ba 3, wanda ya yi kusan daidai da mita 30 ɗinmu, zai zo a matsayin miliamfiya 8.8. An fara daga 4 ne maimakon sifili da gangan: in aka ga sifili an san waya ce ta tsinke, ba matsi ne ya ƙare ba. Siginar za ta shiga ƙaramar kwamfutar masana'antu da ake kira PLC, ita kuma ta umarci na'urar sauya gudun moto, wato VFD.

Ribar tana da girma. In aka rage gudun famfo zuwa kashi 80 cikin 100, ruwan da yake turawa ya koma kashi 80, turinsa ya koma 64, ƙarfin da yake ci kuma kusan 51. Sai dai a nan ne ake gane wanda ya san injuna da wanda allon kwamfuta kawai ya sani. In mafi yawan mita 30 ɗin tsayin tanki ne ba gogayya ba, rage gudu kaɗan zai sa turin ya gaza tsayin, famfon ya yi ta juyi babu ɗigon da ke fita, ruwan cikinsa ya yi zafi, abin toshe yoyon shaf ya lalace. Fankar da ke sanyaya moto a jikin shaf ɗinsa take, don haka in gudu ya yi ƙasa sosai sanyayawar ma ta ragu. VFD kuma tana watsa hayaniyar lantarki. In aka shimfiɗa wayar sensa a kwata ɗaya da wayar moto ba tare da garkuwa ba, karatun matsi zai yi ta rawa, famfon ya yi ta hawa da sauka. Haka zai yi in an tsananta saitin sarrafawar da ake kira PID: ya wuce matsin da ake so, ya dawo ƙasa da shi, ya sake wucewa. Matsalar tsohuwa ce. Tun a 1868 Maxwell ya yi nazarin lissafin irin wannan rawar a na'urorin daidaita gudun injin tururi.

Aikin yana da daɗi ƙwarai ga mai son ganin ƙarfe ya motsa da umarnin da ya rubuta. Fannin ya taso ne daga masana'antun Japan, inda kamfanin Yaskawa ya fara amfani da sunan a 1969, kuma yau shi ne ke bayan layukan haɗa motoci, injunan cika kwalabe, mutum-mutumin walda da injunan sassaƙa masu bin umarnin kwamfuta. Amma shekarun digiri ba sa ƙaruwa don an haɗa fannoni uku. Dole a zubar da wani abu. Abin da aka fi ragewa daga ɓangaren injuna shi ne ilimin zafi, gudanar ruwa mai zurfi da zanen sassan inji. Daga ɓangaren lantarki kuma manyan layukan wuta da kariyarsu. Wanda ya fito daga nan zai haɗa famfo da moto da sensa su yi aiki tare fiye da abokansa biyu, amma ba shi za a ba zanen farfela ko saitin kariyar tiransifoma ba.

Rayuwar aiki

Kaɗan ne daga masu digirin injuna ke fara aiki da zana sabon inji. Mafi yawa suna farawa ne a kula da injunan masana'anta, tashar wuta, matatar mai, kamfanin siminti, ma'adinai, jiragen ruwa, ko tsarin sanyaya manyan gine-gine. Akwai aikin dare, akwai zafi da ƙara (daga desibel 85 ake wajabta abin toshe kunne a ƙa'idojin ƙasashe da yawa), akwai kiran gaggawa in layi ya tsaya. Ba injiniyan ne ke riƙe da sifana yini guda ba, wannan aikin ƙwararrun masu gyara ne. Nasa shi ne ya gano me ya sa boris ɗaya ke mutuwa duk bayan wata uku, ya tsara lokutan gyara, ya rubuta ƙayyadaddun kayan da za a saya, ya sa hannu. Amma wanda bai taɓa kwance famfo da hannunsa ba, masu gyaran za su gane cikin mako guda, kuma zanensa zai fito da noti a inda sifana ba ta shiga. Masu zane suna zaune ne da manhajar zane ta SolidWorks ko makamanciyarta, da manhajar ANSYS don gwada ƙarfi da zafi. Ilimin wannan fanni yana daɗewa bai tsufa ba. Lissafin shaf na shekara hamsin da suka wuce yana nan daram.

Na lantarki yana samun wuri a duk inda aka ambata, ƙari da kamfanonin samarwa da rarraba wuta, sadarwa, wutar sola da cibiyoyin adana bayanai. Jikinsa ya fi tsabta, amma kuskurensa ba ya ba da gargaɗi: kafin a taɓa komai sai an kashe, an kulle makunni da kwaɗo, an rataya alama, an gwada an tabbatar babu wuta. Na mekatironik yakan yi yawo wajen girka sababbin layuka, kwamfuta a hannu gaban allon sarrafawa, kuma dole ya yi ta sabunta iliminsa domin kayan aikinsa suna sauyawa da sauri. Kasuwarsa ta fi dogara da yawan masana'antu masu sarrafa kansu a inda zai zauna. Inda suke da yawa ana rububinsa. Inda babu, yakan tarar tallan aiki na neman mai injuna ko mai lantarki, ya koma yana bayanin kansa.

To wanne?

Wanda yake tunani da siffa, yake iya juya abu a ransa ya ga bayansa, yake son sanin me ya sa abu ya karye, injuna ne nasa. Wanda lissafi tsantsa ba ya tsorata shi, yake jin daɗin bin sawun matsala da mita ba tare da ya ga komai ba, ya tafi lantarki. Mekatironik ta dace da wanda ya riga ya san sarrafa injuna da mutum-mutumi yake so, ya ɗanɗana rubuta manhaja ya ga tana masa daɗi, kuma ya sami makarantar da ke da kayan aikin.

Ga wanda har yanzu yake wasi-wasi, shawararmu ita ce ya ɗauki ɗaya daga tsofaffin biyun, ya bar mekatironik ta zama hawa na biyu. Dalilin a fili yake: mai digirin injuna ko lantarki yana iya ɗaukar darussan sarrafawa a shekarun ƙarshe, ya yi aikin kammalawa a kan PLC, ko ya yi digiri na biyu a mekatironik. Komawa ta ɗaya hanyar ta fi wuya, domin ilimin zafi ko na manyan layukan wuta ba abin da ake tsinta a kwas ɗin mako shida ba ne. A tsakanin biyun kuma, injuna ya fi barin ƙofofi a buɗe zuwa jiragen sama, motoci, makamashi da ƙere-ƙere, lantarki kuma ya fi kusa da ilektironik da kwamfuta.

Sunan kwas bai kai makarantar da ke koyar da shi muhimmanci ba. Digirin yakan ɗauki shekara 4 a wasu ƙasashe, 5 a wasu, a Ingila kuma 3 ko 4 gwargwadon matakinsa. Abu na farko da za a tabbatar shi ne hukumar rajistar injiniyoyi ta ƙasar ta amince da wannan kwas ɗin kansa, ba jami'ar kawai ba, domin sabon sashe yana iya buɗewa kafin ya sami amincewa, rajista kuma ta gagara daga baya. Mai niyyar aiki a ƙetare ya duba ko hukumar tana cikin Yarjejeniyar Washintan ta 1989, wadda mambobinta ke karɓar digirin juna. Bayan haka a nemi jerin darussan shekara ta uku da ta huɗu a karanta, a kuma shiga ɗakunan gwaji da ƙafa. A sashen injuna a nemi injin sassaƙa ƙarfe, injin ja da tsinka ƙarfe don auna ƙarfinsa, da teburin gwajin famfo ko inji. A lantarki a nemi benci mai moto da janareta da na'urar nuna siffar sigina. A mekatironik a ƙirga PLC nawa ne, ɗalibai nawa ke raba ɗaya. A tambayi 'yan shekarar ƙarshe ko su ke kunna kayan ko kallo kawai suke yi, da kuma wata nawa ake tura su masana'anta.

Kafin cike takardar neman gurbi akwai gwaji mai sauƙi da za a iya yi cikin 'yan makonni. A sami tsohuwar fankar tebur da ta mutu, a cire ta daga wuta, a kwance ta, a auna sassanta, a zana su daga gaba da sama da gefe yadda wani zai iya ƙera su ba tare da ya ga fankar ba. Sannan a ɗauki batir da 'yan resisto da mita, a lissafa amfiyar da za ta bi kowane reshe kafin a auna, a bi sawun duk bambancin da aka gani. Na uku, a sami allon Arduino, wato 'yar ƙaramar kwamfutar da ake rubuta wa umarni, da sensar zafi da ƙaramin moto, a rubuta umarnin da zai kunna shi a digiri 30 ya kashe a 28, sannan a mai da duka biyun 30 a ga yadda zai riƙa kunnawa da kashewa ba ƙaƙƙautawa. Duk gwajin a yi shi da batir, kada a kusanci wutar soket, kuma kafasitar cikin fanka a sa wanda ya sani ya sauke cajinta kafin a taɓa wayoyinta.